Wayar da Iya Ta Ce Ta Lalace

Zango, Wagadugu

Zuwa ga taubashiyata Bara'atu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidanki da yara, da fatan garin Bobo yana riƙe da ku lafiya. Na san za ki yi dariya ki ce Munira ta koma zamanin kakanni, tana aiko takarda a hannun direba. Yi dariyarki ki gama. Waya ce ba na iya riƙewa yanzu. Aliyu Sani da zai miƙa miki wannan bai san abin da ke ciki ba, ya ɗauka zancen atamfa ne.

Bara'atu, an yi mini hoton tsiraici.

Ranar Talata ina rumfata a kasuwa ina auna wa wata mata shadda, Zenabu maƙwabciyata ta ja ni bayan tarin atamfa, ta miƙo mini wayarta, ta kau da kai. Fuskata ce, har da ɗan gibin haƙorina da ɗaurin ɗankwalin da na yi ranar sunan ɗan ƙanwata Nazifa. Daga wuya zuwa ƙasa kuwa wata mata ce, ko zare babu a jikinta, tana zaune a kan gadon da ban taɓa gani ba. Wallahi tallahi ba ni ba ce. Amma ni kaina sai da na yi ta ƙura ido ina neman inda aka haɗa kan da jikin, ban gani ba. Zenabu ta ce yanzu na'ura ke yi, a ba ta fuskar mutum ta ƙera sauran.

Kin san sana'ata. Ba ni da mai tallata mini kaya sai ni kaina: sabon zane ya zo daga Lome in ɗinka, in sa, in ɗau hoto in ɗora a waya, mata su gani su saya. Hotunan da suke ciyar da ni da 'yata Su'ada tun rasuwar babanta Illiya, su aka ɗauka aka yi mini wannan. Ya shiga wayoyin direbobi, ya shiga na 'yan goro, har matan islamiyya ya kai. Jiya na fito zan hau moto, majalisar bakin masallaci ta yi tsit gaba ɗaya. Da zagina suka yi da ya fi mini sauƙi.

Amma ba wannan ne ya fi tsorata ni ba. Alhaji Kabo, yayan Illiya, ya aiko matarsa daga unguwar Larle. Ya ce 'yar ƙaninsa ba za ta tashi a ɗakin da ake nunawa da baki ba, da an ba da hutun lakwal, makarantarsu, zai zo ya ɗauke ta. Kin san tun farko alfarma ya yi ya bar mini ita, in ya ce zai karɓa babu dattijon da zai ce masa don me. Yarinyar da har yau ba ta barci sai ta riƙe kunnena. In aka ɗauke ta, Bara'atu, ban san me zan tashi in yi da safe ba.

Abu ɗaya na gode wa Allah a kai: Iya ba ta sani ba. Da hawan jinin nan nata, ji ɗaya zai kwantar da ita. Wayarta ta lalace a makon nan, ta jefa ta cikin kwalla ta ce kada kowa ya wahalar da kansa da gyara. Duk gidan mun haɗa baki. Kin kuma san yadda muke da ita, ni 'yar fari: ba ta kama sunana, ba ta kallon idona, daga "ke" sai "uwar Su'ada". Yau kunyar nan ta yi mini rana.

Ke da kike buga takardu a ofishin lauya, gaya mini, akwai hukumar da ke kama mai irin wannan aiki? Ina jin tsoro ƙwarai.

Ki gaida kowa. Ki huta lafiya.

Taki,
Munira

Bobo

Munira 'yar Goggona,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya, sai ni da takardarki ta hana cin abinci. A tsaye na karanta ta a tasha, na yi kuka a gaban masu dako, sannan na fara zagi. Ke da tun muna yara in kaza ta bi ki sai ki hau turmi, ke aka zaɓa da wannan? Allah ya isa.

Yanzu share hawaye ki saurare ni, don ba tausayi kaɗai na aiko miki ba.

Na kai maganar gaban lauyar da nake wa aiki, ban kama sunanki ba. Ko mamaki ba ta yi ba, ta ce ba ke ce ta farko da aka zo mata da irin wannan ba. Ga inda matsalar take, in ji ta: masu rubuta doka hoton gaskiya suka sa a rai, wanda aka ɗauki mace a ɓoye aka watsa. In na ƙarya ne, sai lauyan mai laifi ya miƙe ya gyara rigarsa ya ce, ai ba jikinta ba ne, wane tsiraici aka tona? Kin ji rashin kunya. Kamar kunyar da ta hana ki ɗaga kai a bakin masallaci ita ma ta ƙarya ce. Shi ya sa ita da wasu mata suke ta bugun ƙofofi a kan a yi dokar da za ta kira abin da sunansa, wanda ya ƙera da wanda ya watsa duk su san gidan kaso na jiran su. Kafin a kai can, ta ce ana iya kama shi ta hanyar ɓata suna, amma sai da shaida a hannu.

Saboda haka, kada ki goge. Na san jikinki na gaya miki ki goge, ki wanke wayar da sabulu ma in da hali. Kada ki yi. Ki hana Zenabu gogewa. Ki bi sawu: wa ya turo mata, shi kuma wa ya turo masa, har a kai ga wanda ya same shi kai tsaye daga hannun mai aikin, don a wayarsa lambar mugun take. Sannan ki ɗauki Nazifa ta raka ki komisariya, ofishin 'yan sanda, ki tambayi masu kula da laifin intanet, ki shigar da ƙara.

Alhaji Kabo kuwa, kin san shi, mutum ne da ba ya jin magana sai ya ga tambarin hukuma a kanta. Mu samo masa tambarin. Su'ada ba inda za ta je.

Ki ci abinci, ko kin ƙi. Ki gaida Goggo, ki ce ina nan tafe da man shanunta.

Taubashiyarki da ta fi ki jarumta,
Bara'atu

Zango, Wagadugu

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga 'yar'uwa mai daraja, Malama Bara'atu.

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ki da iyalinki. Bayan haka, ni ne Abdulƙudus, mijin Nazifa. Iyalina ta shaida mini cewa kin shawarci Yaya Munira da ta kai maganar nan gaban 'yan sanda. Na ga ya dace in sanar da ke cewa, alhamdu lillahi, an riga an kashe wutar, ba sai an kai ga haka ba.

Da izinin liman, bayan sallar Juma'a aka yi wa jama'a nasiha a kan girman zunubin ƙazafi, ba tare da an ambaci sunan kowa ba. Daga nan ni da dattawa biyu muka bi Zango gida gida, muka bi tashar manyan motoci da rumfunan goro. Duk wanda abin ya shiga wayarsa ya goge a gabanmu, ya kuma rantse da Allah cewa bai ajiye ba, ba zai kuma nema ba. Wallahi na ga manyan maza suna hawaye. Ina mai shaida miki cewa ni ban kalli hoton ba ko sau ɗaya, baya nake juyawa, dattijo ya tabbatar. Wayar Yaya Munira da ta Zenabu kuwa na kai an wanke su tas, don kada idonta ya sake faɗawa a kai.

Ba mu tambayi kowa wa ya turo masa ba. Da gangan muka yi. Bin diddigi zai haɗa gida da gida faɗa, alhali duk auratayya ta ɗaure mu. Mu mutanen Zango, tun kakanninmu fatake da suka sauka a garin nan, ba mu saba kai junanmu gaban hukuma ba. Abin da ya same mu mukan rufe shi da rigarmu. In aka je komisariya, baƙi ne za su zauna su buɗe abin da muka sha wahalar rufewa.

Ɗaki ɗaya ne ban shiga ba, na surukata Iya. Ba zan iya buɗe baki da irin wannan magana a gabanta ba, kuma an ce wayarta ma ba ta aiki.

Yaya Munira tana fushi da ni, ban san dalili ba. Mutuncinta na nema, Allah ne shaida. Ina roƙon ki ki kwantar mata da hankali.

Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira. Wassalam.

Naki cikin girmamawa,
Abdulƙudus

Zango, Wagadugu

Bara'atu,

Sallama da gaisuwa.

Takardarki ta iso bayan Malam Abdulƙudus ya gama zagayensa. Da na karanta "kada ki goge" sai na zauna a ƙasa. Duk da haka na ja Nazifa muka je komisariya. Wata 'yar sanda ce ta karɓe mu, mai kirki, har ruwa ta ba ni. Ta saurara har na gama, sannan ta miƙo hannu ta ce, "To, mu ga hoton." Na ba ta waya fes kamar yau aka saye ta. Ta rubuta abin da na faɗa, amma ta gaya mini gaskiya: ba hoto, ba lamba, ba su da inda za su kama.

Na koma ina bin mutane ina roƙo, ni da kaina, wai a taimake ni da hoton tsiraicin da aka yi mini. Kin taɓa jin irin wannan bara? Kowa sai ya ce ya goge. Wanda ma bai goge ba, ya za a yi ya fito da shi? Ya riga ya rantse a gaban dattawa, fito da shi tona wa kansa asiri ne. Malam ya rufe ƙofar da rantsuwa, ni ya bari a ciki.

Na je Larle na durƙusa a gaban Alhaji Kabo. Bai daka mini tsawa ba, shi ya sa ma na fi tsorata. Ya ce, "Munira, kowa ya goge, amma kowa ya gani. Ni ban ce ke ce ba, ban ce ba ke ba ce. Ki kawo mini wanda ya yi, ko takardar hukuma da ta nuna ana nemansa a kan hujja. In babu, ranar Asabar ɗin farkon hutu ki haɗa mata kayanta."

Da na dawo na tarar da Malam a tsakar gida, ban san sanda na fara ba. Iya na zaune ƙofar ɗakinta tana tsince wake, sai muka juya harshe zuwa Faransanci don kada ta gane. Na ce masa da waya ɗaya ya bari, ɗaya tak, da 'yan sanda sun sami abin riƙewa. Ya ce shi rufin asiri ya yi mini. Na ce asirin wa ka rufa, nawa ko na wanda ya yi? Idonsa ya kawo ruwa. Na san don Allah ya yi, shi ne abin da ya fi ci mini rai, ba ni da wanda zan tsana. Iya ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Shi kuwa mai aikin yana nan da abinsa. Ba abin da zai hana shi ƙera wani gobe. Duk namijin da ya ce mini "ina kwana" sai in ji gabana ya faɗi, in ce ko shi ne. Na daina ɗora hoto, ciniki ya tsaya, ban damu ba. Shekaranjiya Su'ada ta dawo daga lakwal ta ce, "Mama, mene ne montaj? Wata ta ce an yi miki." Hoton da aka haɗa ake nufi, amma na ce wani irin ɗinki ne. Ta ce to ita ma a yi mata na sallah. Na shiga bayi na toshe bakina da zane.

Hutu ya matso. Na fara wanke mata kaya ina ninkewa a ɓoye. Ki yi mini addu'a, dabara ta ƙare mini.

Taki,
Munira

Zango, Wagadugu

Bara'atu 'yar Kawuna,

Assalamu alaikum. Zauna kafin ki karanta.

Asabar da hantsi motar Alhaji Kabo ta tsaya a ƙofar gida. Na riga na gaya wa Su'ada hutu za ta je wurin Baffa, tana ta murna. An sa jakarta a bayan mota. Alhaji na zaure yana jira, Malam na gefensa kansa a ƙasa.

Sai muka ji ƙarar murfin kwalla daga ɗakin Iya. Ta fito da mayafinta na unguwa, da wani abu ƙunshe a hankici. Iya da ba ta taɓa tsayawa gaban surukai ba ta taka har bakin zaure, ta fuskanci bango ta ce, "A gaya wa Alhaji, kafin ya kai yarinya Larle, ya kai mu wurin 'yan sanda."

Ta kwance hankicin. Wayarta ce.

Bara'atu, wayar nan lafiyarta ƙalau. A mota ta yi bayani, Nazifa take wa magana, ni ko kallo ban samu ba. Tun ranar Litinin, kafin Zenabu ta nuna mini, saƙo ya shigo mata. Ta ɗauka muryar ƙanwarta ce daga Kumasi, ta danna, ta gani. Ba ta iya gogewa ba, kuma duk wanda za ta miƙa wa ya goge mata sai ya gani. Sai ta kashe wayar ta binne ta ƙarƙashin kwanoni ta ce ta lalace. Muna ta haɗa baki muna ɓoye mata, ashe ita ke ɓoye mana. Duk kwanakin nan ita kaɗai take ɗauke da shi, da hawan jininta, tana ba ni tuwo ba ta ce komai ba.

Nazifa ta ce, "Iya, to ya aka yi kika san ana nema?"

Ta ce, "Da kuka koma Faransanci a kaina, ce muku aka yi ban san telefon da polis ba? Na girme wa yarenku a garin nan."

A komisariya aka sa wayar a caji, 'yar sandan nan ta buɗe. Saƙon ba turowa aka yi daga wani wuri ba, kai tsaye ya zo, daga lamba ɗaya, kuma ya riga duk wanda muka sani. Ta ce wannan ne suke nema. Suka riƙe wayar, suka ba mu takarda da tambari.

Alhaji ya karanta takardar a tsaye, ya sake karantawa. Iya, har yanzu bango take kallo, ta ce, "A gaya wa Alhaji, wanda ya zaɓi tsohuwa ya fara aika mata wannan, ba gaskiya yake son a sani ba, gida yake son ya kashe." Alhaji ya ninke takardar. Ya mai da mu Zango, ya buɗe bayan mota da kansa, ya sauke jakar ya ajiye a zaure. Ya ce, "Ta zauna har hukuma ta gama." Su'ada ta yi ta kuka wai an hana ta hutu. Ban taɓa jin kukan da ya yi mini daɗi kamarsa ba.

Kada ki ce na daina tsoro. Su wa ke da lambar Iya? Dangi ne da maƙwabta. Ke nan mutumin nan ya san ƙofar gidanmu, wataƙila ya ci tuwon sunan ɗan Nazifa, wataƙila yana cikin waɗanda suka rantse a gaban Malam suna hawaye. Duk ranar da 'yan sanda suka kira, sunan da na sani za su faɗa.

Ki gaida yara.

Taki,
Munira

Bobo

Munira,

Gaisuwa da godiya ga Allah. Na karanta, na yi guɗa a ofis har lauya ta leƙo. Ki ce wa Goggo man shanunta ya zama tulu guda.

Ga wata magana, ba dole. Matan nan masu neman a yi dokar suna tattara labarin waɗanda abin ya sama, za su kai wa masu rubuta doka, don kada wani ya sake cewa ai wasan yara ne. Lauya ta ce naki zai yi nauyi, musamman yadda aka goge shaida da kyakkyawar niyya. Ana iya sa miki sunan aro, yawancinsu haka suka yi, ba mai ganin laifinsu. Na zaɓa miki Indabo. In kin yarda, aiko mini da kalma ɗaya.

Ki huta lafiya, 'yar hawa turmi.

Bara'atu

Zango, Wagadugu

Bara'atu,

Sallama. Na yarda. Amma akwai abin da ban rubuta miki ba wancan karon, don na kasa.

A komisariya 'yar sandan ta ce sai mai waya ta faɗa da bakinta wace ce a hoton, don a rubuta. Nazifa ta yi wuf za ta amsa mata, Iya ta ɗaga mata hannu. Ta juyo ta dube ni, cikin ido, ta ce, "Fuskar Munira ce. 'Yata ta fari. Jikin ba nata ba ne, ni na yi mata wanka."

Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Muna dawowa gida ta koma "ke", ta aike ni ɗebo ruwa.

Ki mayar wa lauya da Indabo. Har yanzu 'yan sanda ba su kira ba, amma ki rubuta Munira Rashidu, Zango, Wagadugu.

Su'ada na gaishe ki.

Taki,
Munira